Ezra Pilling da Turken Kwana ta Uku

Ezra Pilling ya zo gidana wata Talata da yamma, kwana tara bayan an binne ɗana Neville. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, hula a hannu, ya ƙi shigowa sai da na ce masa maƙwabta suna leƙe ta taga. A falo ma bai zauna ba. Na san shi da gani, kamar yadda duk mai zuwa filin tseren babur na Ollerby ya san shi: siririn tsohon nan da ke gaban 'yan manjagara masu gyaran hanya, cikin fararen kaya, idan sun fito jere kafin a fara wasa. Muryarsa ce ban taɓa ji ba.

"Malama," ya ce, "ni na zuba masa tokar nan. Na ga gara ki ji daga bakina."

Na ce ya faɗa mini daki-daki. Ya faɗa. Babur ɗin tsere ba shi da birki. Abin da ke riƙe mutum idan zai sha kwana shi ne tokar kwal da aka shimfiɗa a hanya. Inda ta yi kauri taya takan kama ta cilla babur gaba, inda ƙasa ta yi sanƙo kuwa taya sai ta yi ta juyawa a banza. Shekara da shekaru Ezra yana tara toka a gefen waje na kwana ta uku, dab da ragar waya, domin 'yan wasanmu sun san tana can, baƙi ba su sani ba. Ta nan muke wuce su, kuma babu wanda ya kai Neville iya wucewa ta nan. Ran Asabar ɗin, kafin tsere na tara, ya leƙo ya ce, Baba Ezra, a ƙara mini kaɗan a waje. Ezra ya ƙara masa shebur shida. A zagaye na biyu tayarsa ta gaba ta taɓa ta abokin karawarsa, ya tafi cikin raga, raga ta lotsa kamar yadda aka yi ta don ta lotsa, kansa ya sami turken fitilar da ke tsaye bayanta.

Ina wurin ranar, na ga wannan da idona. Shebur shidan ne ban sani ba.

Ban ce masa na yafe ba, shi ma bai nema ba. Na tambaye shi tazarar da ke tsakanin ragar da turken. Ya ce bai san ta da inci ba, amma damtsensa daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba ya shiga. Ya ce idan ina so, ranar Litinin zai buɗe mini ƙofar bayan filin idan na tashi daga makarantar da nake koyarwa.

An haifi Ezra a 1889 a layin da ke bayan masaƙar auduga, na biyar cikin 'ya'ya takwas. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara rabin yini a masaƙa, rabi a aji, daga baya ya bar ajin. Yaƙin duniya na farko da shebur ya yi shi, yana haƙa ramuka da cike hanyoyin da manyan bindigogi suka farfasa a Faransa. Yakan ce bai taɓa ganin Bajamushe kusa ba, amma laka iri bakwai ya sani. Da ya dawo ya shiga ma'aikatar gas, yana zuba kwal a tanderu yana kwashe abin da ya ƙone. A 1929, da aka yanke shawarar yin hanyar babur a cikin filin tseren karnuka, daga ma'aikatar gas aka sayo toka. Ezra ya biyo motar farko don ya ga me za a yi da ita, ya tarar ana baza ta ba tare da an tankaɗe manyan dunƙulen ba, ya faɗa wa mai kula da aikin cewa zai karya wa wani ƙafa. Mutumin ya ce tunda ya fi kowa sani, ga manjagara. Bai ajiye ta ba daga ranar.

Ba ya shan giya, bai taɓa sa ko kwabo a kan kare ba, kuma bai taɓa hawa babur ba, ko keke bai iya ba. Yakan dunƙule toka a tafin hannu ya faɗi ruwan da take bukata kafin ƙarfe shida. Matarsa Phoebe takan ce namiji ta aura, aka haɗa mata da tsibin toka kyauta. 'Yarsu ɗaya, tana aure a Kanada. A yaƙi na biyu soja suka ajiye manyan motoci a filin, baƙin mai ya jiƙe hanyar har taku ɗaya a ƙasa. Hunturun da ya biyo bayan yaƙi shi da baro da mutum biyu suka kwashe ta, suka sake shimfiɗa sabuwa. Lokacin ne ya bar ma'aikatar gas, filin ya zama aikinsa na kullum.

Neville kuwa yaƙin ne ya koya masa babur. Shekara uku yana kai saƙon soja a Italiya, ya dawo ko ƙwarzane babu. Na so ya shiga jami'a kamar yadda ni da marigayi ubansa muka yi. Ya ce zai shiga idan ya kai talatin. Ya rasu yana da ashirin da huɗu.

Ranar Litinin na je da tef ɗin awo daga akwatin ɗinkina. Fitilun filin suna tsaye ne a siririn tsakanin ragar babur da ciyawar da karnuka ke gudu a kai. Daga raga zuwa turken kwana ta uku inci goma sha ɗaya ne. Na sa hannu biyu na tura ragar, ta tafi inci goma sha ɗaya ta tsaya a jikin ƙarfe. Na matsa gaba kaɗan inda babu turke na sake turawa, ta tafi inci goma sha tara. Ni mace ce mai shekara hamsin da biyu, a tsaye nake, ba a kan babur mai gudun mil hamsin ba. Ezra ya riƙe mini jaka. Na rubuta lambobin biyu, ban yi wani lissafi bayansu ba.

Kotun binciken mutuwa ta zauna minti ashirin ta ce tsautsayi ne. Na rubuta wa Mista Garside, manajan ƙungiyarmu, wasiƙa uku. Ya amsa ɗaya cikin ladabi, ya ce fitilun ba nasa ba ne, na kamfanin karnuka ne, shi ma haya yake. Kamfanin karnuka suka ce a daidai wurin ne karnuka ke cunkushewa, masu caca kuma dole su ga abin da suka sa kuɗinsu a kai. Hukumar wasan a Landan ta ce an duba filin a farkon kakar wasa an ba shi lasisi. Garside ba mugun mutum ba ne. Ya aiko da naman alade ranar jana'iza, a lokacin da nama sai da katin rabon abinci, kuma na gan shi yana kuka a maƙabarta.

Abin da ban yi tsammani ba daga magoya baya ya fito. Kafin watan Mayu ya ƙare sun shafa wa turken fenti kore da fari, launin ƙungiya. Suka ɗaure masa ƙyallayen wuyansu har sama da kan mutum, suka jera furanni cikin kwalabe a gindinsa, ƙungiyar magoya baya ta manna ƙaramin allon tagulla da sunan ɗana. Aka koma ce masa Turken Neville. 'Yan matan masaƙa sukan zo da wuri su ƙetare ciyawar karnuka su taɓa shi. Wata Asabar Garside ya ɗauki lasifika ya ce muddin shi ne manaja babu mai taɓa wannan turke, mutum dubu ashirin suka tafa. Ban zarge su ba. Sun ƙaunaci yaron, sun rasa inda za su ajiye ƙaunar, sai suka rataye ta a jikin abin da ya kashe shi. Amma daga ranar duk wanda ya ce a tone turken ya zama mai wulaƙanta mamaci.

Ezra bai yi gardama da kowa ba. Asabar ɗin farko ta watan Yuni ya ce wa mutanensa shi zai riƙa ɗaukar kwana ta uku da kansa. Bayan kowane tsere, duk tokar da tayoyi suka watsa waje sai ya janyo ta ciki, har bakin farin layin da ke gefen ciki, ya bar gefen raga fayau kamar tebur. Na farkon da ya gwada fita waje yadda aka saba, tayarsa ta yi ta kuka ba tafiya, mutum uku suka wuce shi ta ciki. Cikin mako biyu babu wanda ke kusantar ragar da yadi huɗu. Babu dokar da ta ce ga inda mai manjagara zai ajiye toka.

Wasan ya lalace, ba zan ɓoye ba. Wanda ya riga tashi idan aka ɗaga igiyar farawa shi ke cin tsere, sauran su bi shi a baya zagaye huɗu. Aka ci mu sau biyu a gida, abin da ba a yi ba tun da aka buɗe bayan yaƙi. 'Yan kallon kwana ta uku ba makafi ba ne. Suka fara kiransa mai shara, suna tambayarsa ko Landan ke biyansa, suna jifansa da ɓawon burodi. Yakan tsince ɓawon ya sa a aljihu don kada ya shiga tayar wani.

A lokacin na fara zuwa shan shayi gidansu ran Lahadi, domin Phoebe ta ce ba ta son jin cewa ina ci ni kaɗai. Wata Lahadi a watan Yuli Cliff Hesketh, kyaftin ɗin ƙungiya, ya faɗo ba sallama. Ƙato ne mai karyayyen hanci, tun kafin yaƙi yake tsere. Bai gan ni ba, ina bayan ƙofa.

"Baba, wai me muka yi maka? Mu 'yan tsere ne, ka mai da mu masu rakiyar gawa, kowa a bayan kowa."

Sai ya juyo ya gan ni. Kunnuwansa suka yi ja.

"Zauna, Cliff," in ji Phoebe. "Ka riga ka taka, ƙarasa da shayi."

Ya zauna a bakin kujera, kofi ya ɓace cikin hannunsa. Ya ba ni haƙuri, na ce ya ci gaba da maganarsa. Ya ce maki ne abincinsu, kuma babu wanda aka tilasta wa hawa babur. Kowa ya san turken yana can, Neville ma ya sani. Ezra ya tambaye shi 'ya'yansa nawa yanzu. Ya ce uku, na huɗu yana hanya.

"To ka je ka ce wa Garside ya tone shi," in ji Ezra. "Ranar da ya tone, zan zuba maka toka har gwiwa, ka yi iyo a ciki."

Hesketh ya ce ba zai iya ba. Ba tsoron Garside yake ba. A rumfar 'yan wasa ba a maganar faɗuwa, ba a ambaton wanda ya mutu, ba a nuna wurin da yatsa. Wanda ya fara wannan magana, sauran sukan ɗauka zuciyarsa ta karye, su daina yarda su jera da shi a kwana. Kyaftin da ya je ofis ya ce yana jin tsoron turke ya gama kyaftin.

"Ni ba kyaftin ba ne," in ji Ezra. "Ina jin tsoronsa, kuma zan faɗa a kasuwa."

Hesketh ya shanye shayinsa, ya gode wa Phoebe, ya ce wa Ezra taurin kansa ya fi turken. A bakin ƙofa Phoebe ta ce masa ya gaida mai ciki, ya daina barin ta tana ɗaukar kwal da kanta.

Sau biyu Garside ya kira Ezra ofis a watan Agusta, da lallashi, bai sauya ba. Duk da haka yaranmu suna cin wasa a filayen wasu garuruwa, har muka shiga Satumba muna na biyu a rukunin farko. Ƙungiyar da ke samanmu, daga Landan, ita za ta zo mana a Asabar ta biyu ta watan. Idan muka ci mun hau kai, saura wasa biyu. Ollerby ba ta taɓa zuwa kusa da haka ba. Ran Juma'a Garside ya sauko hanya da kansa, da takalminsa mai sheƙi, ya ce gobe yana son toka a waje kamar dā, ba roƙo yake ba.

"Yallaɓai, tokar taka ce, manjagarar tawa ce," in ji Ezra. "Nemi mai zubawa."

Aka sallame shi nan take. Ya saɓa manjagararsa, wadda shi ya sassaƙa ƙotarta ya dasa haƙoranta, ya nufi tashar bas. Kwandasta ya ce ba za a shiga da ita ba. Ya taka mil biyu da rabi zuwa gida.

Da safen Asabar ya aiko mini da takarda: idan zan zo, mu haɗu a ƙofar kwana ta uku ƙarfe biyar. Bai faɗi dalili ba. Na same shi cikin kwat ɗin coci, da ƙunshin burodi da cuku da Phoebe ta ɗaure masa. Muka sayi tikiti kamar kowa, karo na farko a rayuwarsa, muka tsaya a sahun gaba. An ce mutum dubu ashirin da shida suka shiga ranar. Rana ba ta faɗi ba tukuna, ƙamshin man babur ya cika wurin, ana ta kaɗa katakan nan masu ƙara. Sababbin mutanen da Garside ya aro daga ɓangaren karnuka sun zuba toka a waje har ta taɓa gindin raga. Ezra ya dube ta ya ce sun wuce yadda yake yi, kuma ba su tankaɗe ba.

Aka yi fareti, aka gabatar da 'yan wasa, 'yan manjagara suka fice. Mutum huɗun farko suna turo baburansu zuwa igiya sai Ezra ya miƙo mini ƙunshin burodinsa. Ya haura ƙaramin shingen da ke gabanmu a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gudun yaga wando. Ya ƙetare ciyawar karnuka. Ya fito da wuƙar aljihu ya fara yanke igiyoyin ƙyallayen wuya, yana ninke kowanne yana ajiyewa a ciyawa. Ya kawar da kwalaben furanni gefe, ko ɗaya bai zubar ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta tashi ba. Wani a bayana yana cewa a kama ɓarawon kabari. Wata mata ta ce kai tsoho, ba ka da kunya, ga uwarsa nan tsaye tana kallonka. Wani ya ce a ba shi tsintsiya ya je ya share gidan ubansa. Ezra ya gama, ya juya kafaɗa, ya cusa jikinsa a inci goma sha ɗayan nan, bayansa a turke, ƙirjinsa a raga. Ya zare bel ɗinsa ya zagaya da shi ƙugunsa da turken ya ɗaure.

Aka kunna jar fitila. Ba a ɗaga igiya muddin akwai mutum a bakin hanya.

Sajan ɗin 'yan sanda ya riga kowa isowa. Cocinsu ɗaya da Ezra. Ya ce haba Ezra, kada ka sa in taɓa ka. Ezra ya ce ya taɓa, amma ya kula da maɓallan kwat, Phoebe ce ta ɗinka su. Garside ya iso da gudu, fuskarsa ta yi fari, ya tambaye shi me yake so, a bainar jama'a, a rana irin ta yau.

"Ba na son komai, yallaɓai. Ku yi tserenku. Wanda ya zo nan ni zai fara samu, na fi ƙarfe taushi."

Alƙalin wasa ya sauko daga ɗan ɗakinsa na saman rumfa. Mutum ne daga wani gari, tsohon hafsa, mai gashin baki, kuma ransa a ɓace. Duk kakar daga tsakiyar fili yake duba hanya kafin wasa, da takarda a hannu. Ya tako cikin tokar har ta rufe masa takalmi, ya tsaya ta cikin raga ya ce wa Ezra yana da minti ɗaya.

"Ya isa," in ji Ezra. "Tura ragar, ranka ya daɗe. Hannu ɗaya."

Mutumin ya tura, ina jin don ya kawar da maganar ne. Raga ta danne ƙirjin Ezra a jikin turken har numfashinsa ya fito da ƙara. Alƙalin ya janye hannu da sauri. Ya dubi tafinsa, ya dubi turken, ya matsa gefe inda babu kowa ya sake turawa, ragar ta tafi can. Ya tambayi Garside ko nan ne yaron nan ya mutu a watan Mayu. Garside ya ce nan ne.

Kyaftin ɗin baƙi ya zo da hular kwanonsa a hannu, ya tura shi ma, ya yi fito, ya ce yaransa ba su yi doguwar tafiyar nan don wannan ba. Alƙalin ya juya ga Hesketh ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Hesketh ya dubi ƙasa.

"Ni ba na maganar irin wannan," ya ce. "Amma tsohon bai taɓa yi mini ƙarya a kan hanya ba."

Alƙalin ya ce ba za a yi tsere ba sai an kawar da turken. Garside ya ce ba shi da ikon taɓa shi, kuma ofishin kamfanin karnuka a rufe yake sai Litinin. Ƙarfe bakwai da kwata aka sanar da lasifika an fasa wasa. Sajan ya kwance wa Ezra bel, ya fitar da mu ta ƙofar karnuka cikin motar 'yan sanda, duwatsu suna sauka a rufinta. A mota Ezra ya karɓi burodinsa ya ci rabi, ya ba sajan rabi.

Hukuma ta ce laifin na masu gida ne, ta ba baƙi makin wasan. Muka gama kaka a na uku. Ran Alhamis mai zuwa ma'aikatan kamfanin karnuka suka tone turken suka mai da shi baya taku takwas, suka ƙara masa dogon hannu don fitilar ta kai inda take kaiwa dā. Aikin yini ɗaya ne. Karnuka suka yi gudunsu ran Juma'a, babu ɗan cacan da ya yi ƙorafi. Sakataren magoya baya ya kawo mini allon tagullar a nannaɗe, yana tsammanin zan so. Na gode masa na ce ya riƙe.

Garin bai yafe wa Ezra ba. Sau biyu aka fasa musu tagar falo. Mahauci ya daina ajiye wa Phoebe ƙashin miya. A coci wasu suka sauya benci. Phoebe ta ce dā ma bencin ya yi musu ƙunci. Ezra ya sami aiki a lambun gari, yana gyaran ciyawar da tsofaffi ke wasan mirgina ƙwallo a kai, ya kuma fara samun saɓani da su kan yawan ruwan da suke so a zuba.

A watan Maris, ana saura mako uku a buɗe sabuwar kaka, Garside ya aiko masa da wasiƙa. Mutanen da ya ɗauka sun bar hanyar ta yi ramuka cikin hunturu, 'yan wasa suna gunaguni. Ya ce Ezra zai iya dawowa bakin aikinsa, sharaɗi ɗaya ne: ya rubuta layi biyu na neman gafarar magoya baya, a buga a takardar wasan farko. Ba sai ya ce ya yi kuskure ba, ya ce dai yana baƙin cikin abin da ya faru.

Ya kawo mini wasiƙar gida, ya ce rubutuna ya fi nasa kyau. Wannan karon ya zauna. Na ga yadda yake murza yatsunsa, na san yana son komawa fiye da yadda zai iya faɗa. Yana da shekara sittin saura kaɗan, babu wani fili da zai ɗauke shi. Na ce masa layi biyu ne kawai, turken kuma ya riga ya fita, babu wanda zai mai da shi. Na ce idan don ni ne, na sallame shi.

"Ba don ke ba ne, Malama. Ɗauki alƙalami."

Na ɗauka.

"Rubuta: Yallaɓai, na ga wasiƙarka. Turken kwana ta ɗaya, na biyu daga ƙofar rumfar 'yan wasa, shi ma damtsena ba ya shiga bayansa. Ka tone shi, sannan mu yi maganar wanda zai nemi gafarar wani. Naka, E. Pilling."

Na tambaye shi ko ya san abin da wannan zai jawo. Ya ce ya sani. Ya ce in ƙara a ƙasa cewa ramukan da suke gani ruwa ne ke kwanciya, su buɗe magudanar da ke bayan allon maki, ganye ne ya toshe ta.

Na rubuta, ya sa hannu, muka taka tare zuwa akwatin wasiƙu na bakin titi. Shi ya jefa ta. Amsa ba ta zo ba, kuma bai sake shiga filin ba har ya rasu a hunturun 1957. Magudanar sun buɗe ta a makon. Turken kwana ta ɗaya sai da muka yi shekara biyu muna rubutu, shi yana faɗa ina rubutawa, kafin aka tone shi.